Kwanson da Ke Cewa Ba Gajiya

Da sunan Allah nake farawa.

Zuwa ga ɗana Almu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, idonka garau, zuciyarka a kwance. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ka a hawa da gangara, Ya sa motar da aka damƙa maka ta zama alheri gare ka da duk wanda za ka gitta a hanya.

Kada ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce ta raba ɗakinku. Sau biyu ina gwada yi maka maganar nan da baki. A na farko wayarka ta yi ƙara. A na biyu innarka ta shigo da fura ta karɓe hirar, ka kuwa san idan ta karɓi magana sai dai ladan ya cece mu. Shi ya sa na ari biron ƙanwarka Saratu na zauna gindin dogon yaro, don takarda ba a katse ta.

Tun ranar Laraba da maigidanka ya miƙa maka mabuɗin babbar motar nan bakina bai rufu ba. Na je kasuwar Goronyo ba don in sayi komai ba, sai don a tambaye ni labarinka. Mutum uku kawai suka tambaya, sauran ni na tare su. Har mai sayar da igiya, wanda ban taɓa sanin sunansa ba, yanzu ya san ɗan Garba mai yatsa takwas ya zama direba. Ina murna, Almu, murnar da ban san inda zan ajiye ta ba. Shekara bakwai kana bin motar wani, ba a taɓa kawo mini ƙararka ba.

Amma akwai abin da na gani ranar Juma'a, shi ya hana murnar zama daidai. Mun dawo masallaci muka zauna cin tuwo, na ce maka ina gajiya, ka ce, "Ba gajiya, Baba." Ban kai loma ta huɗu ba na ɗaga kai na gan ka kana barci a zaune, da tuwo a hannunka, miya na bin gwiwar hannun. Innarka ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma ba har zuci ba. Ranar Litinin za ka ɗauki lodin albasa zuwa Kurmi, kuma wannan karon babu wani a sitiyari sai kai. Kakar albasa ce, kana saukewa za a kira ka ka juyo ka sake lodi, ka sake komawa. Tsorona ke nan a fili: kada wata rana barcin da ya ɗauke ka a gaban akushi ya ɗauke ka a gaban sitiyari, bakinka na cewa ba gajiya.

Kun taso kuna ganin hannuna na hagu da yatsa uku, abin da aka gaya muku kawai shi ne bindiga ce. To yau ga labarin cikakke, har da wuraren da ba na fita kunya a cikinsu.

Lokacin da ake aikin madatsar ruwan Goronyo ina saurayi, ina farauta da bindigar toka irin ta kakanka. Cikin Turawan aikin akwai wani injiniya mai son daji, aka haɗa ni da shi in riƙa nuna masa hanya ranar hutunsa. Hausarsa ba ta wuce sannu da madalla ba, Turancina kuwa ko wannan bai kai ba, amma muka shaƙu. Bindigarsa doguwa ce mai harsashi mai gudun tsiya, kafin ka ji ƙara abin da aka nufa ya riga ya faɗi. Harsashin irinta, ga mai kallo, kashi biyu ne: akwai kan da ke tashi ya tafi, akwai kwanson tagulla da ke riƙe da albarushi, wanda ke faɗowa ƙasa da zafinsa bayan harbi. Shi ba ya yar da kwanson. Yakan tsince shi ya kai gida ya sake cika shi da wata 'yar na'urar hannu da ya ɗaure a jikin benci, ni kuwa ina tsaye ina kallo har na iya. Ba zan koya maka yadda ake yi ba, ba sana'arka ba ce, ba kuma zamaninta ba ne.

Da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya bi hanyar hukuma aka mai da takardun bindigar da sunana, ya haɗa mini da na'urar da kayan cikawa da kwanso cike da gwangwani. Ranar da ya miƙa mini na ji kamar an naɗa ni sarauta. Ina cikin godiya sai ya ɗauki kwanso ɗaya da hannun hagu, ya ɗaga hannun dama ya ware yatsunsa biyar a tsakiyar fuskata, yana wata magana da ƙarfi. Ya sauke hannun ya sake warewa. Sau biyu, Almu, a gaban mutane.

Ka san abin da wannan ke nufi a ƙasar nan. Jinina ya hau kai. Mutumin da na raba shi da ƙaya da kunama shekara biyu, yau shi ne zai yi mini daƙuwa? Na sungumi kayana, don fushin bai kai in bar kyautar ba, na juya ko sallama babu. Kukunsa, wani dattijon mutumin Wurno da ake kira Manu, ya biyo ni da gudu yana cewa, "Garba, tsaya ka ji abin da shika nuhi!"

Na ce, "Ba ni buƙatat tahinta, Manu. Wagga magana ko kurma ya san ta. Mi uwata tay yi mishi?"

Na yi tafiyata. Wannan ne kuskurena na farko, sai bayan shekara shida na san girmansa, zan kuwa dawo kansa. A yanzu dai riƙe wannan: za ka shiga garuruwan da hannu da ido da murya ke faɗin abin da ba shi suke faɗi a nan ba. Idan wani ya yi maka abin da ya yi kama da zagi, ka ba shi minti ɗaya ka tambaya. Idan zagin ne, bai gudu ba, kana iya fushinka daga baya a natse.

Bindigar nan ta ɗaukaka ni. Masu shinkafa da rogo a fadama, daga Kagara har wajen Rara, suka riƙa aiko mini idan gadu, aladen dajin nan, ya dame su da ɓarna. Inda mai bindigar toka zai yi rarrafe har ya ji warin dabba, ni daga tudu nake tsayawa. Aka fara kirana Garba Walƙiya. Sunan ya shige ni fiye da yadda ya kamata. Idan na shiga kasuwa na ji an ce ga Walƙiya nan, har tafiyata sauyawa take yi.

Nan kuskure na biyu ya shigo. Baturen ya bar mini ma'aunin albarushi, ya nuna mini iyaka. Ni kuwa na ce ai idan an ɗan ƙara, gudun zai ƙaru, ƙarar ma za ta kai ƙauye na gaba su san ina aiki. Na riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Bindigar ta riƙa harbin kafaɗata kamar jaki, kwanson ya riƙa wuyar fitowa sai na yi da ƙarfi, ni duk ina ɗauka alamar jarumta ce. Gadun da na kashe da ƙarin bai fi wanda na kashe da ma'auni mutuwa ba. Babu abin da na ƙaru da shi sai kirari, tagullar kuwa ita ke shan wahalar kirarin, don duk harbi wutar na buɗa ta tana miƙar da ita.

Kai ma za a ba ka suna a tasha, na san halin mutanenmu. Za a ce wane ya isa Kurmi kwana ɗaya, kai fa? Za a tafa maka ranar da ka riga kowa. Ka tuna masu tafin a kan benci suke zaune da kofin shayi, ba sa cikin motar. Ma'aunin da masu ƙera ta suka sa mata, na gudu da na nauyin kaya, ba don raini suka sa ba. Idan dole sai an ba ka suna, na fi son in ji ana cewa Almu Sannu-Sannu, ana dariya, kai kuma kana shigowa gida da ƙafarka.

Kuskure na uku shi ne babba, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni mutum ne mai son abu ya yi kyan gani, wannan ka gada. Duk kwanson da na tsinto sai na jiƙa shi da ruwan tsamiya, in goge da toka da tsumma har ya riƙa ɗaukar ido. Idan na jera su a rana bisa tabarma, mata masu wucewa sukan tsaya kallo, innarka ma, tana amarya, ta taɓa roƙona guda biyu ta yi 'yan kunne. Wanda wuyansa ya tsage a fili nakan yar, wannan ko makaho ya gani. Amma muddin kwanso na walƙiya, a wurina lafiyarsa lau. Ban taɓa ƙidaya sau nawa na cika kowanne ba.

A cikinsu akwai wanda na fi so. Da shi na kashe wani tsohon gadu da ya shekara uku yana raina mutanen fadama, sai na yi masa ɗan zane da bakin wuƙa, na sa masa suna Mai Sa'a. Duk ranar da aikin ya yi tsauri shi nake ɗorawa. Sauran suna samun hutu a gwangwani, shi kuwa ana harbawa ana cikawa, don ina ƙaunarsa.

Wata ranar kasuwa na kai wa Baba Altine, maƙerin tagulla da ke yin mundaye da zobba, maɗaurin bindigar ya gyara mini. Allah Ya jiƙansa, tsoho ne mai ƙaramar murya da manyan hannuwa. Don alfahari na ciro Mai Sa'a daga aljihu na nuna masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya kai shi kusa da ido.

Ya ce, "Sau nawa kac cika wanga?"

Na ce, "Ban ƙidaya ba, Baba. Ai lahiyatai lau, dubi yadda shika walƙiya."

Sai ya miƙa hannu cikin kayan aikinsa. Ya ɗauki wata siririyar waya ya lanƙwasa bakinta, ya zura cikin kwanson, ya jawo a hankali tana gogar bango. Kusa da gindi sai ta ɗan maƙale. Ya kama hannuna ya ɗora a kan wayar ya sake ja, na ji maƙalewar da yatsana. Sannan ya nuna mini ta waje, daidai wurin, wani siririn zobe mai haske da ya kewaye kwanson, wanda gugata ta kusa ɓoyewa.

Ya ce, "Ka jiya? Daga ciki ya cinye. Ni shekara arba'in nika bugun tagulla. In anka buge ta, anka sake bugu, tauri taka yi. Kai kana murna ta yi ƙarhi, ita ko ta kusa karewa. Ni in nig ga haka sai in dakata, in maishe ta wuta ta saki jiki, kana in ci gaba. Wanga ko ya wuce nan, ba shi da sauran magani."

Na ce, "Haba Baba, ko jiya na harba shi."

Ya yi murmushi ya ce, "Garba, tagulla Bahaushiya ta. In kac ce mata ina gajiya, ba gajiya za ta ce maka, har ranad da za ta tsage. Bar min shi nan in yi ma amarya zobe."

Na yi dariya, na ce tsoho na son ya raba ni da sa'ata. Na mai da Mai Sa'a aljihu na yi masa sai an jima. A hanya har ina ba abokaina labarin tagulla Bahaushiya muna ƙyaƙyatawa.

Bai fi wata biyu ba aka kira ni wata gonar shinkafa a bakin gulbi. Kwana uku ina fakon dabbar, barcin kirki babu, ga azumin nafila da na ɗora wa kaina don a ce. Mai gonar ya kawo mini ruwan alwala da safe ya ce ina gajiya, na ce ba gajiya. Da idona a huce yake, wataƙila da na duba abin da nake ɗorawa. Rana ta ɗan ɗaga sai ga gadun ya fito daga cikin ciyawa, ƙato, yana tafiyar masu gari. Na laluba aljihu na ɗora Mai Sa'a, na saita, na ja.

Ban ji ƙarar da na saba ji ba. Ji na yi kamar an watsa mini tafasasshen ruwa a fuska, kunnena na hagu ya ɗauke, bindigar ta tsage ta ƙasa daidai inda hannuna ke riƙe. Kwanson ya rabu biyu a kan zoben nan da Baba Altine ya nuna mini, wutar da na yi ta ƙarawa ta samu ƙofa ta fito ta inda ba a shirya mata ba. Abin da na fi tunawa, ka yarda ko kada ka yarda, shi ne gadun. Ya tsaya ya dube ni sosai, ya ɗaga wutsiya sama, ya koma cikin shinkafar ya ci gaba da karin kumallonsa.

A asibiti a Sakkwato aka ƙarasa cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Idanuna Allah Ya tsare su, har yau ina gode maSa a kan wannan kowace safiya. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa ya ce ya jiki, in ce da sauƙi. Innarka na zaune gefen gado da cikin yayarka Hadiza, a kwana na uku ta fashe.

Ta ce, "Wane sauƙi? Mutum ya tahi da yatsa goma ya komo da takwas, kuna ce mai ya jiki, shina ce muku da sauƙi! Ku bari shi hwaɗi gaskiya ko sau guda, ko Allah Ya sa shi ji da kunnenai da yar rage!"

Sai wani tsoho mai karyayyar ƙafa a gadon kusa ya fara dariya, kowa ya kama. A cikin wannan dariyar Manu kuku ya yi sallama. Labari ya kai masa Wurno ya hawo mota ya zo. Ya zauna, ya dubi hannun da aka naɗe, ya girgiza kai. Sannan ya ɗaga hannunsa ya ware yatsu biyar a fuskata, kamar yadda maigidansa ya yi.

Ya ce, "Sau biyat, Garba. Abin da bawan Allah yac ce ke nan. Wanga harsashi mai gudu na, shina cin kwanso. Ka cika ko wane sau biyat, ka yada shi ko da shina walƙiya. Na biyo ka in hwaɗa maka, kac ce min ko kurma ya san ta."

Almu, shekara shida ina riƙe da mutumin nan a zuciya. Duk lokacin da na tuna shi sai in ce Allah Ya isa tsakanina da shi a kan uwata, alhali shi rayuwata yake ƙoƙarin tsarewa da iyakar Hausar da yake da ita, wato hannunsa. Na yi dariya har ɗinkin ya motsa, na yi kuka kuma, duk a zama ɗaya. Na ɗaga hannun hagu da niyyar in rama wa Manu daƙuwarsa, sai na ga ba ni da kayan aiki.

Daga nan na bar farauta. Abin da ya rage na bindigar da takardunta na miƙa wa hukuma, kuma da na ga yadda dajin nan ya koma daga baya, na gode Allah da Ya raba ni da ita da wuri. Na kama noman albasa. Kada ka ji tausayina ko kaɗan. Da yatsa takwas na yi dashe, na yi ban ruwa, na ɗauke ku ɗaya bayan ɗaya ranar suna, na aurar da Hadiza, na je Makka na dawo. Mutanen da ke gudun Garba Walƙiya su ne suka zama abokan hirar Garba mai albasa. Na fi jin daɗin rayuwar nan ta biyu nesa ba kusa ba, sai dai da na so in shigo ta ba tare da na biya da yatsu ba. Kai kuma abin da ke hannunka ya fi bindiga nauyi. Ni kaina kaɗai na jawo wa, babbar mota kuwa ba ta faɗuwa ita kaɗai, akwai masu babur da masu tallan bakin hanya da motar fasinja da ke tahowa.

Ga abin da nake so da kai. Ka riƙa zura wa kanka wayar Baba Altine, kada ka tsaya ga walƙiyar waje. Idan ka wuce gari ba ka tuna ka wuce shi ba, wayar ta maƙale. Idan idonka ya yi kamar an zuba yashi, ko ka ji kana fushi da wanda bai yi maka komai ba, ko ka ga kanka a tsakiyar titi ba ka san yadda aka yi ba, ta maƙale. Ka nemi wuri mai mutane ka tsaya, ka yi alwala, ka yi salla, ka miƙe bayanka ka yi barci na gaske. Goro da shayi mai kauri da wanke fuska duk tsamiya da toka ne, suna gyara waje, cikin yana nan yadda yake. Ƙwayoyin da ake sayarwa a tasha don korar barci kuwa, ban yafe maka ko guda ba, wannan ita ce kaɗai maganar da zan yi da kakkausar murya a takardar nan.

Motar ma haka. Kana wanke ta har mutum ya ga fuskarsa, na gani, na kuma ji daɗi. Amma ka riƙa shiga ƙarƙashinta. Taya da birki su ma ba gajiya suke cewa.

Sannan ka ƙidaya sawu. Baturen nan biyar ya ba ni, ni uku suka rage mini a hannun, uku nake ba ka. Idan ka yi sawu uku a jere, ka ajiye mabuɗi ka zo gida ka kwana biyu, ko da albasar duniya ce ke jira a Goronyo. Na san za ka ce kai sabon direba ne, kana jin nauyin maigidanka, kada ya ga kamar ka faye son jiki. Na lura da shi, mutum ne mai hankali, ya kuma fi ka son motarsa ta dawo. Idan ya matsa, ka kawo shi gidan nan mu gaisa, zan miƙa masa hannun hagu. Albasar da ta lalace ni na san yadda ake dasa wata, sana'ata ce. Ɗa kuwa ban da wani Almu.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ji wani abu mai ɗan nauyi. Da na gaya wa innarka zan rubuta maka wannan labari, sai ta tashi ta sauke kwallayenta na jere, ta buɗe ta can ƙasa, ta ciro ƙullin tsumma. Gindin Mai Sa'a ne. Mai gonar ya tsince shi ya kawo mata tun ina asibiti, ta ɓoye shekara talatin da wani abu ban sani ba. Na ce don me? Ta ce, "Na aje shi don ranad da za ka sake yin wauta in nuna maka. Ba ka sake babba ba, shi as sa ba ka gan shi ba." Na kai wa ɗan Baba Altine, wanda ya gaji maƙerar, ya huda shi ya sa masa zobe. Ka rataya mabuɗin motarka a jiki. Na hana shi gogewa, don ina so ka riƙa jin bakin tsagewar da yatsanka duk lokacin da za ka tayar da mota.

Ranar Litinin zan zo tasha da babbar rigata, kada ka ce ban gaya maka ba. Idan motar ta ɗaga za ka ga na ɗaga hannun hagu na ware shi sosai a gaban kowa. Ka gaya wa abokanka kada su shiga tsakani, ba zagin innarka nake yi ba, ni da ita mun daɗe da shiryawa. Ƙidaya ce.

Saura abu ɗaya. Ba na cewa ka bar gaisuwar mutane. Duk wanda ya ce maka ina gajiya, ka ce ba gajiya, haka aka koya mana, ladabi ne, ni ma da shi zan mutu. Amma tsakanina da kai ga sabuwar doka. Duk ranar da na kira ka a waya zan tambaye ka sau biyu. Ta farko gaisuwa ce, ka amsa yadda ka saba. Ta biyu tambaya ce, uba ke yi wa ɗansa, kuma ba na son amsar tagulla. Idan ka ce mini, "Baba, na gaji, na tsaya," wallahi ranar sai na koma kasuwa na ba mai igiya labari, don zan fi alfahari da wannan a kan mabuɗin.

Bari in fara nuna maka yadda ake yi. Na gaji. Biro ya fi fartanya wuya, bayana ya ƙage, inuwar ta gudu ta bar ni a rana, ga innarka can tana kira tuwo zai huce. Ka ga, na faɗa, kuma babu abin da ya ragu a jikina.

Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya da sharrin masu tare ta. Ya ba ka barci mai daɗi a inda ya dace, Ya buɗe idonka a inda ya dace. Ya sa ka tsufa a sana'ar nan da yatsunka goma cif, har ka gaji da ba jikoki labari. Innarka na sa maka albarka, Hadiza da Saratu na gaishe ka, Saratu ta ce a dawo mata da bironta da tsarabar Kurmi.

Ni ne mahaifinka mai alfahari da kai,
Garba mai albasa.

Af, na kusa mantawa. Ina gajiya, Almu?

To, madalla. Yanzu ajiye takardar, ka taɓa mabuɗin, ka dube ni da kyau.

Ina gajiya?